Neman Armana a Duwatsun Kolombiya

Da asuba, ana idar da salla, ƙanena Bappa ya tayar da mota a ƙofar gidanmu da ke Kagarawal. Taron masu binciken rogo zan je a Kali, can ƙasar Kolombiya. Har na shiga mota sai ga Inna da wani faifai da ta saƙa da hannunta.

"Idan an gama taron ka nemo mini Armana ka ba ta wannan. Ka ce mata bakwainin nan ya rayu."

Bakwainin nan ni ne. An haife ni a wani asibitin mishan da ke kudancin Gombe, kowa ya fid da rai. Wata nas 'yar Kolombiya ce ta koya wa Inna ta ɗaure ni a ƙirji dare da rana. Mata suna ta dariyar mai goyon gaba, amma ga ni. Na ce, "Inna, wane gari take?" Ta ce, "Sunan garin kamar Salamatu." Iyakar adireshin ke nan.

Kali zuwa Salento

Taro ya ƙare saura kwana biyar jirgina ya tashi. Na bar akwati a otal, na goya jakar baya. A taswira garuruwa biyu ne suka yi kama da Salamatu: Salento da Salamina. Na fara da na kusa.

Bas ta tashi ƙarfe bakwai, ta ratsa gonakin rake, sannan ta kama hawa. Kafin azahar muna Salento. Ban taɓa ganin gari mai tsabta haka ba. Kowace ƙofa da launinta, furanni na rataye a baranda, gonakin kofi sun lulluɓe duwatsu. A bayan gari akwai wasu dogayen bishiyoyi, giginya ba ta kai ƙugunsu ba.

Na sauka a gidan wata dattijuwa, Donya Marta. Ta kawo mini kifi da soyayyar ayaba, da wani ruwan zafi da na kurɓa na yi dariya, don mazarƙwaila ce tsantsa. Da taimakon wayata mai fassara na ce mata ina neman wata mata mai suna Armana.

"Armana wa?"

"Armana kawai."

Ta yi dariya har da share hawaye. Ashe a bakinsu kalmar tana nufin 'yar'uwa, kuma haka ake kiran kowace sista ta coci a duk faɗin ƙasar. Wato na ƙetare teku ina cigiyar wata mata mai suna Hajiya. Duk da haka Donya Marta ta ja ni gidajen sistoci guda biyu, babu wadda ta taɓa taka Afirka.

Hanyar Salamina

Washegari na bi ta Pereira zuwa Manisales na kwana, da safe na shiga ƙaramar bas. Hanyar nan kwana ce bisa kwana, dutse a dama, rami a hagu, gajimare a ƙasanmu. Ni da na ɗauka hawan dutsen Tula na jiharmu shi ne ƙarshen tsoro, sai na ga ashe wasan yara ne. Direba kuwa hira yake da hannu ɗaya. Ya gan ni ina ta salati, ya miƙo mini lemo ya ce, "Tirankilo," wato kwantar da hankalinka. A wani shinge soja ya duba fasfona, ya tambaye ni labarin ƙwallon ƙafa, ya sallame mu.

Mutanen nan sun burge ni. Duk wanda ya shigo mota sai ya gaida kowa, kamar a gida. Wata mata ta raba mini wainar masara da suke kira arefa, da na ce ba na cin alade ta kira mai abinci a tasha ta ja masa kunne a kaina.

Salamina

Garin yana kan ƙoƙuwar dutse, titunansa sai ka haye su kana haki. Na zauna a dandali kusa da wasu tsofaffi masu malafa. Ban san abin da zan tambaya ba kuma. Wani ya matsa ya ba ni wuri, sai bakina ya riga ni, na ce, "Sannu."

Tsohon ya juyo. "Sanu? Armana Sanu?"

Ashe akwai wata tsohuwar sista a garin da ba ta da gaisuwa sai wannan, har ta zama sunanta. Shi ya kai ni da ƙafarsa.

Na same ta a keken guragu cikin lambu, an lulluɓe mata ƙafa da bargo. Mai kula da ita ta ce mantuwa ta yi mata yawa. Na durƙusa na ce, "Sannu, Mama."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Yawwa. Ina gajiya? Yaya mai jiki?"

Na ce, "Mai jiki ya warke. Bakwainin nan ya rayu."

Ba zan ce ta gane ni ba, bakwaini nawa suka bi ta hannunta. Amma ta karɓi faifan ta manna a ƙirji da hannu biyu, yadda ta koya wa Inna. Ni da nake da furfura a gemu, na yi kuka.

Komawa gida

Na iso Gombe ranar Juma'a da la'asar. Godiya ga Allah, godiya ga Donya Marta da tsohon dandali da ban ko tambayi sunansa ba. Na nuna wa Inna hoton Armana da na ɗauka a wayata, ta shafa fuskar wayar. Sai na ce bari in tsokane ta.

"Inna, shekara arba'in kina kuskure. Armana ba suna ba ne. Ma'anarsa 'yar'uwa."

Ba ta ɗauke ido daga hoton ba. Ta ce, "To, ina kuskuren?"