Tayoyi Huɗu Daga Surukina

Motar ba ta da kujerar baya, ba ta da wurin sa buhun shinkafa, rufinta ma tanti ne da ake jawowa da hannu. Wannan kaɗai ya ishi mutanenmu na Lyon abin magana na shekaru. Kwaikwayo ce ta wata motar tsere ta shekarun sittin, gangar jikinta fiba, injinta na wata tsohuwar mota da na ciro a wurin masu sayar da tarkace. A wargaje na saye ta, na yi ta harhaɗa ta Asabar da Lahadi a garejin haya da ke ƙarƙashin benenmu a unguwar Rillieux, tun 'yata ta fari tana firamare har ta isa yin permi, wato lasin tuƙi. A masallaci in an gama gaisawa sai wani ya ce, "Malam, ya amarya?" a yi dariya. Wani kuma ya taɓa tambayata, da gaske yake, ko za ta iya hanyar Damagaram in na tura ta gida. Na ce masa ba gida za ta ba. Ya dube ni kamar na ce na bar salla.

Ban ji kunya ba a lokacin, yanzu ma ba na ji. Daga Litinin zuwa Juma'a ina tsaye a ɗakin gwaje-gwaje ina auna ƙarafan wasu, na ga ina da ikon in kashe Asabar ɗina a kan nawa ƙarfen. Kuma na yi wa yarinyar alkawari tun tana ƙarama cewa ranar da motar za ta fara fita titi, ita za ta tuƙa.

Da takardun motar suka fito, ita ma ta samu perminta, abu ɗaya ya rage, tayoyi. Mota irin wannan ba ta da nauyi, ƙafafun baya ke tura ta, kuma babu wata na'ura a cikinta da za ta gyara wa direba kuskure in ya taka birki a kan ruwa. Duk abin da ke tsakanin yarinya da bango shi ne robar nan da ke taɓa kwalta, faɗinta bai wuce tafin hannu ba.

A nan surukina ya shigo maganar. Alhaji mutumin Maraɗi ne, yana zaune a Sevran kusa da Paris, sana'arsa tattara tsofaffin tayoyi daga garejoji, ya cika kwantena, ya tura Kwatano, daga can a haura da su arewa. Ya ba ni 'yarsa ina ɗalibi, ba ni da komai sai jakar littattafai. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba, kuma kalmar a'a ba ta taɓa fita daga bakina zuwa kunnensa ba. Da ya ji an gama motar, sai ga wani ɗan Cadi mai motar kaya ya sauke mini tayoyi huɗu a ƙofar gareji. Girmansu daidai, ba su taɓa hawa titi ba, har 'yan gashin robar nan na sababbin tayoyi suna jikinsu. Ya kira maiɗakina ya ce gudummawarsa ce, kuma zai zo da kansa ya sa wa motar albarka, jikarsa ta zaga da shi gari.

A gida, yadda muke duba taya sananne ne. A duba zanen ko yana da zurfi, a duba ko an taɓa yi mata faci, a ɗan shure ta da ƙafa. A wurinmu taya ba ta tsufa sai ta suɗe. Da wannan ma'aunin, kyautar Alhaji ba ta da aibi ko kaɗan. Amma da na danna farce a robar sai na ji ta ƙandare kamar ƙirgi. Na juya gefe na karanta lambar da ke nuna shekarar da aka ƙera su. Sun girmi ƙaramin ɗana, wanda a lokacin har ya fara fitar da gashin baki. A wani sito suka kwanta duk shekarun nan, robar tana bushewa, zanen yana nan ras.

Ban so in yanke hukunci da farce kawai ba. Akwai wani Bafaranshe a ƙungiyar masu irin motocinmu da ya daɗe yana yi mini wa'azi a kan tayoyi masu tsohon zane, sirara, irin na zamanin motar ta asali. A cewarsa duk wanda ya sa taya ta zamani ya ci mutuncin motar. Kuɗinsu kuwa ya kusa na tikitin jirgi zuwa Yamai. Ya ara mini nasa da wilinsu. Ni kuma na sayi wasu na zamani, masu matsakaicin farashi, irin da kowane ma'aikaci ke sa wa motar zuwa aiki. Wata Lahadi da safe bayan an kwana ana ruwa, na ɗora motar da tayoyin a tirela na je filin ajiye motoci na wani babban kanti da ba ya buɗewa ranar. Na ajiye buta a inda zan taka birki, na riƙa zuwa da gudu iri ɗaya, in taka, in fito in sa dutse inda ta tsaya. Hantsi ya yi, azahar ta kusa, ina ta kwance ƙafa ina ɗaurawa, ana yayyafi.

Na Bafaranshen sun yi kyau a ido ƙwarai, sun kuma tsaya ba laifi, amma na zamanin nan masu araha sun riga su tsayawa, kuma a kwana sun fi su riƙe ƙasa. Na ce a raina, ya riƙe mutuncin motarsa, ni 'ya gare ni. Sai na ɗaura na Alhaji. Na taka birki a daidai butar, motar ta ci gaba da tafiya abinta, ta wuce duwatsun duka biyu, bayanta ya fara juyowa gaba, sai da ta kai bakin rumfar kekunan sayayya ta tsaya a karkace. Na daɗe a zaune hannuna a kan sitiyari. Tsoro na ji, daga baya kuma haushi ya biyo, don na san ba zan iya faɗa masa ba.

Maiɗakina ta ce, "Ka sa masa su ranar da zai zo kawai. In ya koma ka cire. Kowa haka yake yi da kyautar manya."

Na ce, "Ranar da zai zo ita ce ranar da yarinyar za ta tuƙa. Kuma damina ce."

Ta ce, "A hankali za ta tafi. Mahaifina ne fa. A gaban mutane za ka mayar masa da hannunsa?"

Na sauka gareji na ɗauko na'urar huda ƙarfe, na huda gefen kowace taya, don kada wani ya lallashe ni, kada kuma ni kaina in lallashi kaina.

Ranar Asabar ya iso ta jirgin ƙasa, da babbar riga da kwat a kai. Mutanenmu na Rillieux da Minguettes sun taru a ƙofar gareji, har da masu tambayar amarya. Na durƙusa na gaishe shi, aka yi ta gaisuwar gida da gajiya da sanyi. Sannan ya zaga motar. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa cikin tayoyi ba fenti zai fara duba ba. Ya tsuguna a ƙafar gaba, ya shafa, ya miƙe.

Ya ce, "Waɗannan ba nawa ba ne."

Na ce, kaina a ƙasa, "Baba, naka sun daɗe a ajiye. Na gwada su a ruwa, ba su riƙe ƙasa."

Ya ce, "To, ba laifi. A nan kun saba da zaɓe. A fito da su in tafi da su, akwai kwantena mai tashi. A gida za su yi shekaru."

Na ce, "Na huda su, Baba."

Sai a lokacin ya dube ni, ni ma na ɗaga ido, karo na farko tun da na san shi. Na ce, "Mahaifiyata tana shiga motar haya daga Damagaram zuwa Maraɗi ganin likita. Abin da ban sa wa 'yata ba, ba zan tura mata ba."

Ya ce a hankali, "Wanda bai samu irin waɗannan ba a can, suɗaɗɗiya yake hawa, wadda wayarta ta fito. Ka san haka."

Na sani. Amma ban ce a yi haƙuri ba, ko da yake na ga maiɗakina tana roƙona da ido.

Yarinyar ce ta buɗe ƙofar motar ta ce, "Tsoho, za ka shiga ko tsoro kake ji? Allez, shigo, in ba haka ba in nemi wani mijin." Wasan jika da kaka ya ba shi hanya. Ya tattare rigarsa ya shiga, suka gangara wajen kogi ana yayyafi, ina tsaye ina bin fitilar baya da ido har ta sha kwana lafiya.

Da suka dawo ya dafa motar ya yi addu'a mai tsawo. Ya roƙi Allah ya tsare mai tuƙi, ya tsare fasinja, ya tsare na kan hanya. Kowa ya shafa. Abincin da aka dafa masa bai ci ba, ya bi jirgin yamma.

Tun daga shekarar, in ya kira ranar salla da 'yarsa yake magana, a ƙarshe ya ce a gaida mai gida. Da can ni yake fara nema, mu daɗe muna hirar farashin kaya a Kwatano. Na yi kewar muryarsa, har yau ina yi. Tayoyin suna nan jingine a kusurwar gareji da hujinsu, kuma in aka sake sauke mini irinsu gobe, na'urar tana nan inda na rataye ta.