Akushin da Ke Ƙirga Hannu

A gidanmu na Kuyello mu goma sha tara ne yara, kuma wallahi sai da na yi wayo sosai na tantance wane ne ɗan babana, wane ne ɗan baffa. Gandu ɗaya maza suke nomawa, tukunya ɗaya mata suke ɗorawa. In masara ta nuna, ana idar da isha'i sai mu taru a ƙofar ɗakin Iya, kakarmu. Ta hura wuta da ƙiraren da muka tsinto a bakin daji, ta jera masara tana juyawa da yatsu kamar wutar ba ta ƙuna.

Iya ba ta fara tatsuniya sai ta kira sunan kowa. In ta zo kaina ta ce ga mijinta raggo, ba noma sai ci. Sannan ta gyara zama ta ce, "To, ga ta nan ta iso. Wanda ya yi gyangyaɗi, masararsa tawa ce."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta wani mutum mai 'ya'ya rututu da ya tsinci akushi a kogon kuka. Kullum da magariba akushin ya cika da tuwo, kowa ya ƙoshi. Ran nan haɗama ta kama shi, ya ce in yaran suka ragu ai shi zai ci har ya bar saura. Ya kai biyu gidan kawunsu, uku gidan gwaggonsu, sauran ya tura su aike. Ya wanke hannu ya buɗe akushi, sai ga loma ɗaya tal.

"Akushin nan hannu yake ƙirgawa," in ji Iya, "ba ruwansa da girman ciki."

Mu kuwa muka yarda namu ma haka yake, don ba mu taɓa kwana da yunwa ba. In muka miƙa mata nata rabon, sai ta ce ta ƙoshi tun la'asar, goro ya ishe ta.

Yau gandu ya watse. Daji ya zama abin tsoro, gonar nesa ta gagara, kowa ya kama gabansa. Ni kafinta ne a cikin garin Birnin Gwari, ɗaki biyu na haya, 'ya'ya uku. Ni da matata Hadiza muka ce sun isa, don mu iya riƙe karatunsu. Ba zaure, tare muke ci a tabarma ɗaya, amma kowane yaro da kwanonsa na roba, in aka yi musanya sai an yi kuka.

Bara Yaya Sani ya rasu, matarsa dama ta riga shi, ya bar 'ya'ya huɗu. Bayan sadakar bakwai dangi suka zauna rabon riƙo: ɗaya Zariya, ɗaya Gayam, ɗaya Tabanni, ni a ba ni autan. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Sai na hango babbarsu, Zainabu, ta damƙe hannun autan nan ta ƙi saki. Ban san lokacin da bakina ya ce a bar mini su duka ba.

Kwana biyu Hadiza ba ta yi mini magana ba, kuma ban ga laifinta ba. A na uku ta tattara kwanonin roba ta ajiye, ta ciro babban tire na kayan aurenta, ta juye tuwon a kai.

Tuwo bai ƙaru ba, mudun jiya shi ne na yau. Na zauna ina kallon hannaye bakwai suna kai da kawowa, na ga ba zai kai ba. Na yi loma biyu na janye.

Autan ya ɗago ya ce, "Baffa, ba ka ci ba."

Na ce masa na ƙoshi tun la'asar. Hadiza ta ce ita ma.

Kafin in rufe baki na gane muryar wa na ara. Allah ya ji ƙan Iya. Sai da na kai shekara arba'in na san wadda take cika akushinmu na Kuyello.