Ka Bari Sai Laraba

Shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar ɗana Laminu. Lokaci irin wannan ne, ƙarshen kakar ƙasar nan, ganye ya zube a gindin benaye, rana tana faɗuwa tun mutum bai naɗe tabarmar la'asar ba. Shekarar ta zo mana da nauyi. A masana'antar manyan motoci inda Malam, mahaifinsa, yake aiki ana ta rage mutane, kullum ya dawo sai ya ce yau wane aka sallama. Asansar ɗin benenmu a Minguettes, unguwarmu a gefen Lyon, wato injin da ke kai mutane sama, ya fi daɗewa a lalace, ga mu a hawa na tara. Ni kuma da safe ina sharar ofisoshi, da yamma sau biyu a mako ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, ina koyon riƙe biro da hannun da ya saba da tsintsiya. Duk wanda ka gani a shekarar nan a gajiye yake.

Ba ni ce ya kamata in yi wa masu karatu zancen tseren motoci ba. Har yau ƙararsu tana sa mini ciwon kai. Amma a gidanmu tseren nan ne kaɗai igiyar da ta rage tsakanin uba da ɗa, kuma a hannuna igiyar take.

Tun Laminu yana ƙarami suke kallo tare, shi da Malam, kowace Lahadin da ake yi. Malam ya koya masa jin injin da kunne tun bai iya ɗaura wando ba. Da ya girma, Malam ya yi ta bin shef ɗinsu, shugaban wurin aikin, yana roƙo har aka ɗauki yaron a masana'anta. Wata bakwai ya yi, ya ajiye aikin. Ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa yana ɗaure ƙusa iri ɗaya ba, Paris za shi ya koyi kanikanci sosai. Malam ya ji kunya a gaban shef, ya ji kunya a gaban mutanen masallaci, kunyar ta zama fushi. Ya ce masa in ya fita ƙofar nan, kada ya sake jin muryarsa. Laminu ya fita. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan iri ɗaya ne. Daga ranar Malam ya daina kunna tele, wato talabijin, ranar Lahadi.

Laminu ya sauka a Clichy-sous-Bois, a bayan Paris, wurin Malam Abakar, wani ɗan Chadi mai sayar da atamfa, ya samu aiki a garejin masu taksi. Bayan 'yan watanni ya kira ni, ya ce, "Inna, ina da roƙo. Ranar Lahadi ina aiki, ba na samun ganin tsere. Ki riƙa ɗaukar mini a kaset ki aiko ta gidan waya. Amma sharaɗi ɗaya, kada kowa ya gaya mini wanda ya ci sai na gani da idona." Na ce ni da ban san ko wane maɓalli ake dannawa ba? Ya ce, "Jan nan ne, Inna. T'inquiète, kada ki damu, za ki iya."

Haka muka shiga. Lahadi in danna jan maɓallin manyeto, na'urar bidiyo mai ɗauka a kaset, in bar tele a kunne don in tabbata yana ɗauka. Litinin in kai gidan waya. Adireshinsa ne abu na farko da na iya rubutawa da ka ba tare da na duba littafi ba, malamarmu har ta sa aka yi mini tafi. Laraba da yamma kuma ya kira.

Makon farko Malam yana ɗaki bai fito ba. Na biyu ya tsaya a bakin ƙofar falo, wai ruwa ya zo sha. Na uku ya zauna. Ranar Laraba kuwa ba ya taɓa tarho, sai dai ya zauna kusa yana jan carbi, ya yi magana da bango da ƙarfi.

"Gaya masa yaron direban nan nasa mai shuɗiyar mota ba shi da kai. Mota ba doki ba ce."

In faɗa. Laminu ya yi dariya, ya ce, "Inna, ki gaya wa Baba nasa mai jar mota ya fara tsufa, ya nemi kujera."

"Me ya ce?"

"Ya ce yana gaishe ka."

"Ƙarya kike. Na ji dariyarsa tun daga nan."

Kusan shekara biyu muna haka. Ni ce wayar da ke tsakaninsu, ina tace abin da zan tace, ina wuce da abin da zan wuce da shi. Na gaya wa kaina cewa mai haƙuri yakan dafa dutse, wata rana Malam zai miƙo hannu ya karɓi tarhon. Ban matsa masa ba, ban matsa wa yaron ba. Duk wanda ya san ni ya san ba na matsa wa mutum.

Yanzu in na ga jikokina na wajen sauran 'ya'yana, sai in rasa yadda zan fahimtar da su wannan. Kafin motar ta tsaya, sakamako ya riga ya shigo wayar da ke aljihunsu. Ba wanda yake jiran Laraba don komai. An kawo taram, jirgin ƙasa na cikin gari, unguwarmu, an rushe wasu benaye an gina gajeru, gidan wayar da nake zuwa ya koma wani abu dabam. Da Laminu yana raye da ya haura hamsin. Ina jin da zai yi tsaki ya ce motocin yanzu ba su da murya, kamar yadda mahaifinsa yake faɗa. Nakan yi tunanin ko da shi ma yanzu yana da ɗan da ya fita ya bar shi, yana zaune yana magana da bango. Allah kaɗai ya sani.

Tseren ƙarshe na shekarar ya faɗo ranar da ake mayar da agogo baya da awa ɗaya a ƙasar nan. Na yi ta duba agogon kicin da na falo don kada in makara da maɓallin. Maki ɗaya ne tsakanin direbobin biyu, na Malam yana gaba. Wanda ya riga ɗan'uwansa isa, shi ne zakaran shekara. Malam ya yi azahar da wuri, ya zauna da shayinsa, har ya sa ni ma na ajiye wankin da nake yi.

Sun daɗe suna zagayawa, ja a gaba, shuɗi yana binsa kamar inuwa. Malam yana ta cewa, "Ka gani? Haka manya suke tuƙi." Can wajen wata kwana sai yaron mai shuɗiyar motar ya kutsa ta ciki zai wuce. Ya riga ya shiga, kowa ya gani. Sai mai jar motar ya juyo da kan motarsa ya buge shi. Shi da ya yi bugun shi ya zame ya faɗa cikin tsakuwa, ya tsaya cak. Yaron ya ci gaba da motarsa da ta ji rauni, yana lallaɓa ta, har ya bar wasu biyu suka wuce shi, ya isa na uku. Hakan ya ishe shi. Ya zama zakara.

Malam ya zuba ido har aka sake nuna wurin sau uku, a hankali, ana ganin hannun mutumin yana juya sitiyari. Shayinsa ya huce. Sannan ya ce, ba da ƙarfi ba, "Wannan ba aikin babba ba ne. Yaro ya samu hanya, sai ka tare shi?"

Ya tashi ya je wurin tarho, ya ɗaga. Ya tsaya da shi a hannu, don bai san lambar ba. Tana cikin littafina na aji. Ya ce, "Ba ni lambar gidan Abakar."

Na daɗe ina roƙon Allah ya nuna mini wannan rana. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Malam, ka bari. Bai gani ba tukuna, za ka ɓata masa. Ka bari sai Laraba, in ya kira sai ka ɗauka da kanka." Ya dube ni, ya dubi tarhon, ya ce, "To." Ya ajiye.

Litinin na kai kaset. Talata da hantsi Laminu ya hau moto, wato babur, zai sayo wani ƙarfe na mota, ana ruwa, wata babbar mota ta same shi a mararraba. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Shekararsa ashirin da huɗu. A can aka rufe shi, a ɓangaren musulmi na wata maƙabarta a bayan Paris.

Bayan jana'iza, maza suna ƙasa suna karɓar gaisuwa, Malam Abakar ya kai ni ɗakin yaron in haɗa kayansa. Ya miƙo mini ambulan ɗin da ya iso ranar Laraba, ba a buɗe ba. A kan kanta kuma ga sauran kaset ɗin a jere, kowanne da rubutuna, tun na farko mai karkatattun baƙaƙe. Na ce masa ko zai bar mini manyeton su in tafi da shi, tunda shi ne abin da yaron ya fi taɓawa. Malam Abakar ya sunkuyar da kai.

"Hajiya, ai ba mu da manyeto a gidan nan. Ba mu taɓa yi ba."

Na ce to a ina yake kallo?

"A gareji. Akwai ƙaramar tele a kan kanta, kai tsaye yake gani, babu wanda ya taɓa wuce shi. Ya ce mini in ba ki kunna don ɗauka ba, babansa ba zai sake zama gaban tele ba, kuma ranar Laraba ba su da abin faɗa wa juna." Ya ƙara da cewa, "Lahadin nan da rawa ya shigo. Ya zauna gefen tarho har abinci ya huce. Na ce kai, kira mana. Ya ce a'a, in na kira yau Inna za ta gane. Sai Laraba."

Ban gaya wa Malam ba. A jirgin komawa Lyon ban gaya masa ba, ranar sadakar arba'in ban gaya masa ba, shekara ta zagayo ban gaya masa ba. Na ce zafin da yake ciki ya ishe shi. Gaskiya kuma tsoro nake ji ya dube ni. Tun muna yara ake gaya mana haƙuri maganin zaman duniya, kuma ban ƙaryata ba, da shi na yi aure, da shi na zauna a ƙasar mutane. Amma waɗanda suka faɗi haka su ne kuma suka ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Wannan ban riƙe shi da kyau ba.

Malam bai daina kallon tsere ba. Wannan ne abin da Laminu ya bar mana, in an tambaye ni. Bai bar ɗa ba, bai bar gida ba, bai zama babban kanikan da ya so ba. Ya bar tsofaffi biyu a gaban tele ranar Lahadi. Idon Malam ya yi rauni yanzu, ni nake karanta masa sunayen da ke gefen allo, in gaya masa wa ke gaba, wa ya shiga canja taya. Kuma duk shekara in kakar tsere ta zo ƙarshe, sai ya faɗi magana ɗaya: "Da dai ya samu ya ga na ƙarshen nan." Ni kuma in yi shiru. Bai sake taka Paris ba tun ranar da aka rufe yaron.

Lahadin da ta wuce ya sake faɗa. Ban san abin da ya bambanta ta da sauran ba, wataƙila gajiya ce kawai, kaya in ya daɗe a ka wuya yakan ƙi. Na rage murya, na ce, "Malam, ya gani." Na gaya masa duk abin da Malam Abakar ya faɗa, har zaman gefen tarho. Ya daɗe yana kallon wurin da tele take.

"To da na kira, da ya ɗauka?"

"Da ya ɗauka."

"Shi da kansa?"

"Shi da kansa. Ni na hana ka, Malam. Ka yafe mini."

Ya lalubo hannuna, abin da bai saba yi ba ko muna mu biyu. Ya ce, "Shekara biyu tarhon nan yana gidan nan, littafinki yana kan tebur. Ke rana ɗaya kika hana ni." Can kuma ya ce, "Ko zan iya gane wurin da yake?"

Washegari da safe na goge masa babbar rigarsa fara, na hau metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na je babbar tashar jirgin ƙasa, na sayo mana tikiti biyu zuwa Paris. Malam Abakar ya tsufa shi ma, amma ya ce zai tarye mu ya riƙe wa Malam hannu har bakin kabarin. Su za su shiga su yi addu'a. Ni zan zauna a bakin ƙofa in jira shi, ya daɗe yadda yake so.