Gwaggo Millicent da Hoton Ubanta

Gwaggo Millicent yayar mahaifina ce, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin wanda ya zauna kusa da ita a coci da son ransa ba. Doguwa ce siririya, bakinta jajir da taunar buai, irin goronmu. In ta ɗago ido ta dube ka, sai ka fara lissafa laifin da ka yi tun safe. A Hembata, ƙauyenmu na bakin teku a arewacin Papua, ana gaishe ta ne daga nesa.

Shekarunta bakwai aka rataye ubanta Ojari, wato kakana. Bayan an kori Japanawa daga gaɓarmu a 1943, 'yan Ostareliya suka dawo suna tambayar wa ya nuna wa abokan gaba hanya, wa ya miƙa musu Turawan da suka ɓuya a daji. Ɗan sandan ƙauye, wani mai suna Tengoro, shi ya ba da sunaye, har da na Ojari. Kowa ya san akwai tsohuwar rigima tsakaninsu a kan fadamar sago, bishiyar da muke samun garin abinci. Ojari dai ya yi wa Japanawa dako, amma wa bai yi ba, da bakin bindiga a bayansa? Aka tara mutanen ƙauyuka a gaban ofishin gwamnati, aka jera yara a sahun gaba don su gani da kyau. Gwaggo tana cikinsu. Mahaifina yana goye a bayan uwarsu.

Tana shekara goma sha biyar dutse mai aman wuta da ke kusa da mu ya fashe, ta shiga cikin masu kwasar gawa, daga nan asibitin mishan ya riƙe ta. Shekara talatin da huɗu tana wanke matattu. Ba ta yi aure ba. Wani malamin coci ya taɓa nemanta, ta tambaye shi a ina ubansa ya tsaya ranar ratayar. Ya ce bai sani ba. Ta ce ya je ya tambayo. Bai dawo ba.

Da ta ajiye aiki ta dawo gida ta kama noman gwaza. Hanyar gonarta ta bi ta gaban gidajen zuriyar Tengoro, kullum in ta iso wurin sai ta tsaya ta tsartar da jan yawu a bakin shingensu, safe da yamma. Tengoro ya daɗe da mutuwa, amma ɗansa Lancelot shi ne kansilanmu, yana rataya lambar biyayyar ubansa a ƙirji duk ranar taro.

A 1992 yaƙin ya cika shekara hamsin. Wata ƙungiyar iyalan tsofaffin sojoji daga Ostareliya ta aiko mana manyan hotuna goma sha biyu a cikin gilashi, a rataya a zauren makarantar firamare, inda nake shugaba. Sun ce za su zo da kansu ranar buɗewa. Yawancin hotunan tankoki ne da kututturan kwakwa da bam ya fille wa kai. Guda ɗaya ne ya tsayar da mutane. Wani soja Bature kwance a yashi, ya mutu, hularsa ta gangara gefe. Wani mutuminmu ya durƙusa a kansa, hannunsa a wuyan sojan, ya ɗago fuska yana kallon mai ɗaukar hoto. A ƙasa an rubuta da Turanci cewa amintaccen ɗan dako ne yake yi wa abokinsa da ya faɗi bankwana.

Lancelot na ganinsa ya dafe ƙirji ya ce, "Baba ne! Ku dubi goshin, ku dubi kafaɗun!"

Ba mu da hoton kowa na wancan zamanin. Tsofaffi biyu uku suka leƙa, suka dubi juna, suka koma gida. Lancelot ya sa aka rubuta wa ƙungiyar takarda cewa an gane mutumin. Amsa ta zo da sauri: sojan sunansa Kofur Alan Pavey, kuma 'yarsa Doreen, wadda aka haifa bayan ya tafi yaƙi, za ta zo ta gode wa iyalin Tengoro.

Kwana uku kafin taron, ana cikin karatu, na ga Gwaggo ta shigo zauren da addarta a hannu. Ta tsaya gaban hoton har aka buga ƙararrawar tashi. Washegari ta dawo, ta ce in ba ta madubin nan mai ƙara girman abu da muke nuna wa yara ƙwari da shi.

Na ce, "Gwaggo, me kika gani?"

Ta ce, "Ki kula da allonki, Agnes."

Ranar taro ta zo. Masu rawa sun sha gashin tsuntsu, ana ta kaɗa ganguna, an gasa aladu. Doreen mace ce gajera mai furfura, zafi ya sa fuskarta ta yi ja. Lancelot ya yi dogon jawabi a kan yadda ubansa ya riƙe hannun sojan har ransa ya fita. Ni nake fassara. Doreen tana share hawaye, ta miƙo hannu za ta rungume shi.

Sai muryar Gwaggo daga bakin ƙofa: "Lancelot, ubanka kunnensa nawa?"

Ta ratso mutane da kayan gonarta, laka har gwiwa.

Lancelot ya ce, "Millicent, yau ba ranar haukarki ba ce. Muna da baƙi."

"Na ce kunnensa nawa? Biyu ne cif, na sha ganinsu, manya kamar na jemage, da su yake laɓe a bayan ɗakunan mutane. Wannan kuwa kunnen hagu rabi ne. Aladen daji ya yage shi. Kai Barnabas, kana wurin farautar. Tsufa ne ya cinye maka harshe?"

Tsoho Barnabas ya sunkuyar da kai ya ce, "Ojari ne."

Na zaci nan za ta tsaya. Ni kaina murna nake yi, ina ganin ga shaida a rubuce cewa kakana amintacce ne. Amma ta juya ta ƙwanƙwasa rubutun da bakin adda.

Ta ce, "Wannan kuma ƙarya ce. Agnes, faɗa wa Baturiyar. Mutumin nan ya kwana uku da mutuwa. Ku dubi cikinsa, ya tashi har maɓallan riga sun ɓalle. Na wanke irinsa sun fi gashin kanku. Ba a yi wa gawar kwana uku bankwana, toshe hanci ake yi. Ku dubi bakin ubana, ya datse shi, numfashi yake riƙewa. Hannun nan igiyar wuya yake ja, mai ƙarfen suna, don a san wanda za a binne."

Ta sauko da madubin ƙasa. "Ku dubi idon sawunsa. Wannan ba saiwa ba ce, a yashin teku babu saiwa. Igiya ce. Ta miƙe ta fita daga hoton, akwai wani a ɗaure a can. Fursuna ne, an fito da shi ya kwashe musu matattu kafin su rataye shi."

Lancelot ya ce, "Tsohuwar banza, daga inuwa da datti kike ƙirƙiro labari!"

"Yawwa, inuwa. Na gode da ka tuna mini. Kada ka yi baƙin ciki, ubanka yana cikin hoton." Ta ɗora yatsa a kusurwar dama, inda wata doguwar inuwa ta kwanta a yashi. "Ga hular 'yan sanda mai baki. Ga sanda a kafaɗa. Shi ubana yake kallo, ba mai hoto ba. Ka ɗauki inuwar ka kai gida, ita ce gadonka."

'Ya'yan Lancelot suka yunƙuro, 'yan'uwana suka tare su, benci ya karye, gilashin wani hoto ya tarwatse. Fada Ambrose, limamin cocinmu, ya shiga tsakani da hannuwa a sama. Aka fitar da baƙi ta ƙofar baya, naman alade ya huce ba a raba ba.

Washegari da hantsi Doreen ta roƙe ni in kai ta gidan Gwaggo. Ta zo da ƙaramin kwafin hoton, wanda ta ce yana kan teburin uwarta tun tana yarinya. Muka tarar da Gwaggo tana feren gwaza. Ba ta ba mu tabarma ba.

Doreen ta ce in gaya mata ta yi baƙin ciki ƙwarai, kuma su biyun ɗaya suke, yaƙi ya raba kowace da ubanta.

Gwaggo ta ce, "Ɗaya? Tambaye ta ina nata yake."

Doreen ta ce yana makabartar sojoji kusa da babban birni, shekaranjiya ma ta kai masa fure.

"Da dutse da suna, ana yanke masa ciyawa. Nawa fa? Ta tambayi mutanenta ramin da suka jefa shi. Nata an ba shi bindiga da takalmi, ya zo faɗa a gonar da ba tasa ba. Nawa yana zaune gidansa, waɗannan suka zo suka ce ɗauki kaya, waɗancan suka zo suka ce don me ka ɗauka."

Doreen ta tambaya a hankali ko Ojari ya aikata abin da aka ce.

Gwaggo ta ce, "Ina 'yar shekara bakwai zan sani? Alƙalinku ma bai sani ba, bai jin ko kalma ɗaya ta harshenmu. Tengoro ne ya kawo ƙara, Tengoro ne tafinta."

Sai Doreen ta miƙa mata hoton. Ta ce tunda Gwaggo ta san gawa, ta duba mata abu guda. Takardar da sojoji suka aiko wa uwarta ta ce nan take ya mutu, bai sha wuya ba. Gaskiya ne?

Gwaggo ta goge hannu, ta karɓa, ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "A ciki aka harbe shi. Ga sawun da ya bari a yashi tun daga bakin ruwa, jan jiki ya yi yana neman inuwa. Ga gorar ruwansa a buɗe. Ya ɗauki wuni."

Na juya na ce wa Doreen da Turanci, Gwaggo ta ce bai daɗe ba.

Na manta shekarun da Gwaggo ta yi da likitoci Turawa. Ta harare ni, ta dubi Doreen ido cikin ido, ta maimaita mata komai da Turancinta na asibiti, ba ta rage ko ɗaya ba. Doreen ta durƙushe a ƙasa tana kuka kamar ƙaramar yarinya.

Na ce, "Haba Gwaggo! Me ta yi miki?"

Ta ce, "Ita ta tambaya. Shekara hamsin ana ba ta alewa. Ki ɗauke ta, kada ta jiƙa mini itace." Ta ci gaba da ferenta.

Na ɗauka shi ke nan ba za mu ƙara jin Doreen ba. Bayan wata takwas sai ga babban ambulan da sunan Gwaggo. Ashe matar ta bi ma'ajiyar hotunan yaƙi a ƙasarsu har ta samo asalin hoton, kafin a datse gefunansa. Maza huɗu ne ɗaure a igiya ɗaya. A dama kuwa ga Tengoro tsaye, da hularsa da sandarsa, yana dariya. Babu wasiƙa a ciki, sai layi ɗaya a baya: kin yi gaskiya.

Gwaggo ta naɗe hoton a leda, ta kafa shi da ƙusa a jikin bishiyar da ke fuskantar ƙofar Lancelot. 'Ya'yansa suka yage shi. Ta sa na rubuta aka aiko wani, ta sake kafawa. Suka sare mata itatuwan buai goma sha ɗaya, 'yan'uwana suka fasa musu kwalekwale. Sauran gidaje ukun da suka gane iyayensu a igiyar suka dawo ɓangarenmu, coci ta rabu biyu, dama da hagu. Lancelot ya faɗi zaɓe, kuma har ya mutu yana cewa Turawa ne suka haɗa hoton da inji.

A 2004 ciwon baki ya kwantar da ita, magana ma da ƙyar. Fada Ambrose ya zo da jibin Ubangiji, ya zauna a bakin shimfiɗarta ya ce, "Mama Millicent, lokaci ya ƙure. Ki yafe wa gidan Tengoro, ki yafe wa waɗanda suka yanke hukuncin, sai in ba ki."

Ta ce, "Mayar da gurasarka jaka, Fada."

Ya ce, "Ba kya tsoron haɗuwa da Ubangiji da wannan a zuciya?"

Ta ce, "Shi ma ina da tambayoyi gare shi. Amma Ojari zan fara nema. In ya ce mini ya miƙa Turawan nan, shi ma ba zai ji da daɗi ba."

Ta cika bayan kwana biyu, da rana tsaka. Matan da ta koya wa aiki a asibiti suka zo daga gari a bayan motar kaya, su shida, suka hana kowa taɓa ta, suka wanke ta da kansu.