Jarfar Kakar Usta Hagop

Duk faɗin Nguru babu wanda ya kai ni karanta fuska. Ka nuna mini zane ɗaya a kumatu, in faɗa maka garin kakanka da abin da ya ci ranar da ya mutu. Da wannan taƙamar na bar gida kafin kiran asalatu, zan tafi umra.

Nguru zuwa Jidda

Motar haya ta kai mu Kano bayan shingaye masu yawan da har direba ya gaji da cewa "ranka ya daɗe". Jirgi ya ɗaga da azahar, muka sauka Jidda magariba ta wuce. Ƙanena Bala ya tarbe ni. Bakanike ne, ya daɗe a can, Hausarsa duk ta cika da "yalla" da "halas". Tun da aka rushe unguwar Karantina yake raɓe a ɗaki guda bayan Bab Makka. Nan na kwana, na ci wake da gurasa a wani shago har na ba mai shagon tsoro.

Garejin

Bayan na gama umra, Bala ya ce in zo in gaida maigidansa, Usta Hagop, mutumin Halab ta ƙasar Sham. Shi ya tsaya masa har iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta fito.

"Yaya, don Allah ban da surutu."

A bangon ofishin garejinsa akwai hoton wata farar tsohuwa, da shuɗiyar jarfa daga leɓe zuwa haɓa. Usta ya ce kakarsa ce. Ni Babarbare, na ga jarfar Fulani! Wasan da muka gada ya motsa. Na tattaro ɗan Larabcina na ce, "Ashe kai bawana ne! Kakarka ma baiwarmu ce!"

Ba wanda ya yi dariya. Usta ya ajiye sifana, ya shige ciki ya rufe ƙofa.

A mota Bala ya yi ta dukan sitiyari. "Ka kashe ni, Yaya! In ya sallame ni, ina za ni?"

Sannan ya ba ni labari. Usta Ba'armeniye ne. Armeniyawa tsohuwar al'umma ce ta Kiristoci, da harshensu da rubutunsu, ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Istanbul, ba ta Sakkwato ba. A 1915, ana Yaƙin Duniya na Ɗaya, gwamnati ta ce maciya amana ne. Aka ware maza aka karkashe. Mata da yara aka kora su da ƙafa zuwa hamadar Sham, yunwa da ƙishi suka gama da yawancinsu. Kakar Usta tana yarinya aka sayar da ita a hanya. Waɗanda suka saye ta su suka yi mata jarfar.

Wallahi jinina ya tafasa. Masu salla irina su yi wa jarirai haka? Da wane littafin? Kuma na yi furfura ina karatun tarihi, ba malamin da ya taɓa ce mini uffan!

Hanyar gida

Ranar tafiyata na ce sai an bi da ni garejin. Bala ya yi tafinta, na bayyana wasan Barebari da Fulani, na roƙi gafara. Usta ya miƙa wa Bala makullin wata mota ya ce ya duba birki. Nan na ji numfashin ƙanena ya dawo.

Aka kawo shayi. Ni kuwa na miƙe na shiga tsine wa azzalumai, ina rantsuwar da a ce ina raye a lokacin da ni kaɗai zan tare rundunar.

Na iso Nguru lafiya, na gode wa Allah, na gode wa Bala da ya jure ni. Amma har yau ina jin amsar Usta, yana kurɓar shayinsa ko kallona bai yi ba:

"Bala, ce wa yayanka ya zauna. Yaƙin ya ƙare tuntuni, kuma tiyon iska yake takawa."