Raƙumin da Alluna Suka Ɓoye

Shekarun baya, lokacin ƙafafuna suna iya kai ni bakin gudron, titin kwalta, su maido ni gida ban zauna hutawa a hanya ba, wani abu ya same ni wanda har yau in na tuna shi sai in ajiye kabar da nake saƙa. Ni ban yi lekwal ba, ban san boko ba, 'ya'yana. Da baki nake faɗa, ana rubuta muku. In kun ga magana ta ɗan karkace, ku yi haƙuri, tafiyar tsohuwa ce.

Mu biyu mahaifiyarmu ta bari a duniya, ni da yayata. Ni aka aurar da ni nan unguwar Dagmanet, cikin Agadas, ina saƙar tabarma. Ita aure ya kai ta Tegidda, garin gishiri, can bayan In-Gall, inda mata ke wuni tsaye cikin ruwan gishiri suna kwaɓa jar ƙasa, rana ta shanye ruwan, su kwashe abin da ya rage. Wuri ne mai nisa, hanyarsa ba ta da kirki, da damina ma yankewa take yi. Sai mu yi shekaru ba mu ga juna ba, sai dai gaisuwa a bakin fatake.

Da mahaifiyarmu ta rasu, yayata ta zo Agadas. Aka yi zaman makoki, aka share, na raka ta ƙarshen gari inda za ta hau mota. A lokacin gudron sabo ne, baƙi wul, kuma inda hanyoyi suka rabu babu gida ko ɗaya, sai fili da ƙaya. Allo guda ne tak a wurin, mai kusurwa uku, gefensa ja, an zana baƙin raƙumi a tsakiya. Aka ce mana wai gargaɗi ne ga masu mota, su kula, raƙuma na tsallakawa.

Yayata ta tsaya ta ƙare masa kallo, idonta bai ma bushe ba, sai ta ce, "Auta, wanda ya zana raƙumin nan bai taɓa ba raƙumi abinci ba. Dubi ƙafafu kamar tsinken tsintsiya! Wannan ko In-Gall ba zai kai ba, balle Bilma."

Muka fashe da dariya, mu da muka rasa uwa a makon nan. Muka yi ta dariya har ta koma kuka. Da motar ta zo, ta riƙe hannuna ta ce, "In Allah ya sake kawo ni, a gindin ramammen nan za ki tarye ni." Na ce to, Yaya, Allah ya kai mu.

To, ana nan, ana nan. Na haifi waɗanda zan haifa, na aurar da waɗanda zan aurar. Mijinta ya rasu ban samu zuwa ba, nawa ya rasu ba ta samu zuwa ba. Gari kuma ya yi ta ci gaba, yana cin fili, yana cin ƙaya, har wurin da muke kira ƙarshen gari ya zama tsakiyar kasuwa.

Wata rana da yamma wani bafatake mai kawo gishiri ya yi sallama a ƙofar gidana. Ya ce, "Inna, yayarki ta aiko ni. Ƙafafunta sun gaza, gishiri ya cinye su, ɗanta da ke Damagaram ya ce ta koma wurinsa. Ranar Laraba za ta wuce cikin kamyon gishiri. Mai motar ba zai shiga lungunan gari ba, amma ya yarda ya tsaya mata kaɗan. Ta ce ki jira ta gindin raƙumi. Na ce mata wane raƙumi, ta ce ba ruwana, wai kin sani."

Na ce na sani.

Wani abin kuma da na sani, wanda bai faɗa ba: mace mai shekarunta, in ta tattara kayanta ta koma gidan ɗa a wata ƙasa, ba dawowa za ta yi ba. Wannan tsayuwar ta bakin hanya ita ce rabonmu. A lokacin salula ta shigo Agadas, amma ba ta kai Tegidda ba, ni ma ba ni da ita. Maganar bafataken nan ita ce kaɗai igiyar da ke tsakaninmu.

Na daka gero, na sa cuku da dabino, na dama mata fura irin wadda mahaifiyarmu ke yi mana. Na naɗe wata tabarmar salla da na daɗe ina ɓoyo, mai ja da kore. Laraba da sassafe na ɗora ƙwarya a ka, na bi ta cikin unguwa, lungu lungu, har na ɓullo mararrabar.

'Ya'yana, na san wurin ya canza, don ina wucewa jefi-jefi, amma ban taɓa tsayawa na dube shi ba sai ranar. Alluna ne tsaye kamar mutane a filin idi. Wani kore, wani shuɗi, wani fari. Wani da kibiya ta nuna gabas, wani ta nuna arewa, wani an kafa shi a kan kafaɗar ɗan'uwansa. Akwai masu tsawo da sun fi soro, akwai gajeru da suka leƙo ta ƙarƙashin hammatar manya. Duk rubutu ne, ni kuwa rubutu a wurina sawun kaji ne. Na ce ko an cire raƙumin.

Ba a cire shi ba. Da yake ta cikin gari na fito, ta bayansu na ɓullo, sai ga shi can a ƙurya, ya karkace, tsatsa ta ci gefensa, jan ya koma ruwan ƙasa. Amma ƙafafun nan na tsinken tsintsiya suna nan. Wallahi sai da na gaishe shi. Na shimfiɗa zanena a gindinsa, na ajiye ƙwarya, na zauna. Ga inuwa mai kyau da manyan allunan suka yi mini, ga wata 'yar kafa tsakanin biyu daga cikinsu da nake hango hanya. Na ce alhamdu lillahi, wuri ya yi.

Akwai wani mutum mai sayar da esans, man mota, cikin kwalabe a gefe. Ya daɗe yana satar kallona, can ya kasa haƙuri.

"Inna, lafiya kika ɓuya a nan kamar amaryar da ake nema?"

Na ce, "Amarcina ya wuce tun uwarka tana goye. Yayata nake jira."

"Daga ina za ta fito? Bari in karanta miki. Wannan Arlit, wannan Tawa, wannan Damagaram, wancan Bilma. Wancan babban na masu salula ne. Waɗannan kuma duk na poroje ne, ayyukan ƙungiyoyi, wasu an gama aikin, wasu ba a ma fara ba, allon ne kawai ya iso."

Na ce, "Ni ba ruwana da su. Ga nawa nan," na nuna masa sama.

Ya zagayo, ya ɗaga kai, ya riƙe baki. "La ilaha illallahu! Raƙumi? Inna, tun gemuna bai fito ba nake sana'a a nan, ban taɓa sanin akwai raƙumi a wurin nan ba."

Na yi masa dariya, na ce yaran zamani kuna da ido ba ku gani. Har ina jin daɗi, wai na san abin da mai karatu bai sani ba. Maganar da ta kamata ta tashe ni tsaye, ita ce ta ƙara zaunar da ni. Ban juya ta a raina ba sai bayan kwanaki.

Hantsi ya yi. Manyan motoci suna zuwa, suna rage gudu don su sha kwana, kowace an lulluɓe kayanta, ba ka sanin gishiri ne ko albasa. Ina hango ƙafafunsu ta ƙarƙashin alluna. Duk wadda ta rage gudu sai in gyara kallabi, in kai hannu kan ƙwarya, in ce wannan ce za ta tsaya. Sai ta wuce. Azahar ta yi, na yi salla a wurin. La'asar ta yi. Mai esans ya kawo mini ruwa, ya ce ƙila motar ta lalace a hanya, hanyar In-Gall ba ta da amana. Na riƙe wannan maganar da hannu biyu. Da rana ta yi ja, na buɗe ƙwarya, furar ta yi tsami. Da almuru na ba wurin baya na koma gida.

Kashegari na sake dama wata, na koma. Babu kowa.

Ana cikin haka, wata mata da ban taɓa gani ba ta shigo gidana, gajera, mai murya kamar ganga. Ta ce tuwo take sayarwa a bakin shingen jandarma, can wajen gari kan hanyar Damagaram, kuma ta sha yawo a Dagmanet tana tambayar mai saƙar tabarma da ke da 'yar'uwa a Tegidda. Ta zauna, ta sha ruwa, ta kwance bakin zanenta.

Ta ce, "Iya, ranar Laraba wata kamyo ta tsaya kusa da rumfata, aka sauko da wata tsohuwa, da ƙyar take takawa. Ta ce a zaunar da ita gindin allon raƙumin da ke wurin. Akwai shi, sabo ne, bai daɗe ba. Na kai mata tabarma. Ta ce ƙanwarta take jira. Wai sun ratsa gari tana ta leƙe ta taga, ta sa direba ya rage gudu a mararraba, ya ce mata, 'Hajiya, duba da idonki, alluna kamar gonar dawa, amma babu raƙumi.' Ta ce a ci gaba, ai dama a ƙarshen gari yake. Da suka fito fili ta hango wannan, har tafi ta yi."

Na ce, "Ta daɗe?"

"Tun hantsi har bayan azahar. Direban ya yi ta faɗa, ta ce masa, 'Ɗan nan, uwarka ba ta da ƙanwa ne?' Sai ya koma ƙarƙashin mota ya kwanta. Duk macen da ta hango da ƙwarya a ka sai ta ce a ɗaga ta. Daga ƙarshe dai ya ce in ba su tashi ba dare zai same su a mugun wuri."

Ta miƙo mini abin da ta kwanto. Curin gishiri ne, ja, irin na Tegidda, bai fi tafin hannu ba.

"Ta ce in gaya miki magana uku, har ta sa na maimaita. Ta ce har yanzu ba ki bar nawarki ba, tun kuna yara ke ce ta ƙarshe wajen fitowa. Ta ce ba ta yi fushi ba, ta san wani abu ne ya riƙe ki. Ta uku kuma ban gane ta ba. Wai in ce miki raƙumin ya yi ƙiba, duniya ta yi masa daɗi ya fi ku."

Nan na gane. Ta lura ba ramammenmu ba ne, amma ba ta kawo a ranta cewa wani ne daban ba. Ina ita ina sanin gwamnati na da raƙumi fiye da ɗaya? Ni ma ban sani ba.

A ranar na koma mararraba. Wannan karon ban bi ta baya ba, na tsallaka gudron na tsaya inda motar In-Gall ke ɓullowa, na duba. Arlit, Tawa, Damagaram, masu salula, masu poroje, kowa ya baje ƙirji. Raƙumin kuwa ko kunnensa ba a gani. Wanda ya kasa ganin raƙumi a saman ƙarfe, ina zai ga tsohuwa zaune a ƙasa? Ɗaya daga cikin motocin nan da na ga ƙafafunsu, yayata na ciki, fuskarta a taga, tana nema na. Abin da ya raba mu bai fi faɗin ɗakin nan ba. Har yau ban san wacce ce a cikinsu ba.

Na yi niyyar bin ta Damagaram. 'Yata tana da tsohon ciki, na ce bari ta sauka. Ta sauka, na ce bari a yi suna, a yi arba'in. Kafin arba'in ɗin ya cika, aka aiko yayata ta rasu. Allah ya jiƙanta, ya sa ƙafafun nan da gishiri ya ci su huta.

Mutane sun yi ta ba ni baki, suna cewa haka Allah ya rubuta, kuma gaskiya ne. Ban ga laifin masu kafa alluna ba, kowa hanyarsa yake nuna wa nasa mutanen. Ban ga laifinta ba, ban kuma ce ni na saɓa alkawari ba. Kowaccenmu ta cika shi, ita a nata raƙumin, ni a nawa. Ita ta riƙe ƙarshen gari, ni na riƙe allon, garin kuwa ya tashi daga tsakaninmu ba mu sani ba. Abin da nake gaya wa jikokina shi ne, in za ku tarye mutum, kada ku zauna inda ku kuka san wurin. Ku fita ku tsaya inda idonsa zai faɗo a kanku, ko da cikin rana ne. Ni inuwa na samu mai kyau ranar nan, na kuma sha ta har yamma.

An gyara mararrabar daga baya, an kwashe tsofaffin alluna an kafa sababbi, sun ma fi na da yawa. Ramammen namu ban san inda aka kai shi ba.

Gishirin yana nan cikin ƙaramar tukunya a ƙarƙashin gadona, tare da tabarmar sallar da ban ba kowa ba. Matan Tegidda kowace tana da alamar da take dannawa a kan gishirinta tun yana ɗanye, don kada ya ɓata cikin na wasu. Ta yayata babban yatsa ne kawai, a tsakiya. Kowace damina curin yana ɗan zubewa, ramin yana ƙara shafewa. Amma har yanzu, in na ɗauko shi na ɗora yatsana, yana shiga daidai, don hannunmu iri ɗaya ne, na mahaifiyarmu.

Sai in ce, "Yaya, ga ni na iso. Na makara, kamar yadda na saba."