Waƙafin Hajja Hamsatu

Hajja, akwai maganar da kika bar mini, kuma har yau ban faɗa wa kowa ba, ko Innata. Kin sa ni shaida a kan ɗakin natsuwa. Yau kwana goma sha biyu da rasuwarki, ɗakin yana rufe da kwaɗo, ni kuwa ban buɗe baki ba.

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Allah Ya karɓi ran Hajja Hamsatu Mai Kifi ranar Talata, 6 ga watan Mayu, 2025, a asibiti a Nguru, bayan ta daɗe tana fama da ciwon ƙoda. Bayan azahar aka kawo ta gida Gashuwa, aka yi mata sutura da la'asar.

Sunana Bushra. Shekarata goma sha huɗu, bara na gama firamare. Malama Zara, wadda ke kula da yara a ɗakin, ita ta ce duk mai son rubuta wani abu a kanki ya rubuta, za a haɗa a miƙa wa iyalinki ranar arba'in. Ni ban iya magana a gaban mutane ba, ke ma kin sani. Malama Shiru kike kira na. Rubutu ya fi mini sauƙi.

Ta dalilin ƙanwata Nabila na san ki sosai. Shekararta tara, ba ta taɓa yin magana ba. Idan injin niƙa ya tashi a bayan gidanmu, ko babur ya yi ƙara, sai ta toshe kunnuwa ta fasa ihu, ta riƙa buga kanta da bango. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, an sha rubutu. In Inna za ta ɗora girki, dole ta ɗaura mata zane a ƙafa ta haɗa da dirkar rumfa, don kada ta faɗa wuta.

A haka kika same ta ranar da kika zo duba Baba yana zazzaɓi. Baba yana cikin masu yi miki bandar kifi tun kafin a haife ni. Kika tsaya a tsakar gida kika ce, “Wa ya ɗaure mini yarinya?” Inna ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Da hannunki kika kwance zanen. Sannan kika zauna kusa da Inna a ƙasa, kika ce, “Share hawayenki, ba faɗa nake miki ba. Ni ma na ɗaure tawa shekara goma sha ɗaya, har Mai ita Ya karɓi abarSa. Ban san abin da zan yi mata ba.”

Daga baya Malama Zara ta ba ni labarin yadda aka yi. A wayar jikarki kika ga irin ɗakin da ake yi wa masu lalura a wasu ƙasashe, inda ido da kunne da hannu da hanci kowanne yake samun abin da zai kwantar da shi. Kika sa aka maimaita miki hoton har cajin wayar ya ƙare. Kika kwashe kayan da ke shagon ƙofar gidanki, inda kike tara banda. Wata guda ana wanke shi kafin ƙarnin kifi ya fita. Kika bi matan kasuwar kifi rumfa rumfa, kowacce ta ba da abin da Allah Ya hore mata. Wata ta kawo katifa, wata tabarmar kaba. Abin da ya rage, wanda shi ne mai yawan, daga guminki ya fito. Daga Nguru kika ɗauko mai haɗa sola.

Ban manta ranar da muka fara shiga ba. An lulluɓe bangon da katifu. Akwai ƙananan fitilu masu sauya launi a hankali, da wata doguwar kwalba cike da ruwa, kumfa na tashi a cikinta. Akwai lilo, da ƙwarya cike da gero, da wata cike da yashin kogi, da bargo mai nauyi da kika sa tela ya ɗinke ƙwallayen dabino a ciki. Nabila ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙi shiga. Ba ki ja ta ba. Kika ce mu bar ta. Sai da aka ɗauki lokaci kafin ta rarrafa ta tura hannu cikin geron nan har gwiwar hannu. Ta yi dariya. Inna ta fita waje da sauri, don ba ta son mu ga fuskarta.

Mutane sun yi magana. Wasu suka ce Hajja ta buɗe gidan rawa, saboda fitilun. Wani dattijo ya tare ki a ƙofar gida ina nan tsaye, ya ce, “Hajja, mai neman lada ai rijiya yake haƙawa.” Kika ce, “Malam, rijiya uku ce a layin nan. Je ka ɗebo wa Nabila ruwan ka ga ko za ta daina buga kai.” Ya tafi yana ƙunƙuni, kika juyo kika ƙifta mini ido.

Kafin shekara ta zagayo, har daga Katuzu ake kawo yara a kan babur. Akwai wata tsohuwa da ke zuwa daga Karasuwa duk Alhamis da ’yarta babba, wadda ba ta ji ba ta gani, ta zauna tana shafa tabarma tana shaƙar turaren wuta. Ba ki taɓa karɓar komai a hannun masu kawo yaransu ba. Har kunu kike damawa masu zuwa daga nesa.

To, ga maganar. Wata biyu kafin rasuwarki, kin dawo daga wankin ƙoda, ƙafafunki sun kumbura. Kika sa aka riƙo ki har cikin ɗakin. Malama Zara ta fita yin sallar la'asar, ya rage daga ni sai Nabila, ta ɗora kai a cinyarki. Kika ce, “Malama Shiru, kina jina?” Na ce ina ji. Kika ce, “Ɗakin nan, da duk abin da ke cikinsa, na yi waƙafinsa saboda Allah. Ki shaida. Me na ce?” Na ce, “Kin yi waƙafi.” Kika ce, “Madalla. In na ɗan ji ƙarfi zan kira Goni Abatcha ya rubuta.”

Hajja, ni waƙafin da na sani shi ne wanda aka koya mana a aji huɗu. Aya ita ce inda magana ta ƙare, waƙafi kuma inda ake ɗan dakatawa. Sai na ɗauka cewa kike za ki dakatar da ɗakin saboda rashin lafiyarki. Kunya ta hana ni tambayarki. Na koma gida na ɓoye maganar, don kada hankalin Inna ya tashi. Kullum muka zo na ga ƙofa a buɗe sai in yi ajiyar zuciya, in ce ba yau ba ce. Ƙarfin da kike jira bai zo ba, kuma Goni bai rubuta komai ba.

Bayan kwana uku da rasuwarki, babban ɗanki Alhaji Mu'awiya ya sa aka rufe ɗakin. Ya ce akwai marayun ƙaninsa cikin magada, ba zai bar a taɓa komai ba sai an raba gado. Da na ga kwaɗon, a raina na ce to ga waƙafin nan ya zo.

Sai ranar addu'ar bakwai na gane kuskurena. Muna cikin gida tare da mata, Goni Abatcha yana nasiha a waje ta lasifika. Ya zo kan sadakar da ba ta yankewa bayan mutuwa. Ya ce waƙafi shi ne mutum ya keɓe wani abu nasa ya bar wa Allah don amfanin jama'a, daga nan ba a sayar da shi, ba a kyauta da shi, ba a gadonsa. Ina riƙe da farantin gumba zan miƙa wa baƙi, sai na tsaya ina saurare. Sannan ya ce duk wanda ya san wata magana da marigayiya ta bari, ya ji tsoron Allah ya same shi kafin ranar rabo. Yanzu an sa ranar, Asabar ɗin nan mai zuwa.

Tun daga ranar abinci ba ya yi mini daɗi. Na ji ana cewa shagon zai koma wurin ajiye banda, kayan ciki kuma a yi musu kuɗi. Malama Zara ta je ta roƙa. Alhaji ya karɓe ta da mutunci, ya ce ko takarda ko shaida, in babu ba shi da ikon yin kyauta da haƙƙin maraya.

A gida kuma Baba ya tara mu. Yanzu a ƙarƙashin Alhaji yake aiki. Ya ce, “Kada in ji bakin kowa a maganar shagon nan. Abincinmu a gidan yake.” Ba ni yake kallo ba, don ba wanda zai zaci ni ina da abin faɗa.

Nabila ba ta san kin rasu ba. Kullum da hantsi sai ta ɗauko takalmanta ta tsaya a bakin zaure. Shekaranjiya ta kuɓuce mana ta ruga har ƙofar gidanki, ta yi ta jan kwaɗon. Da aka ɗauko ta ta buga goshinta da ƙyaure har ya fashe. Jiya na ga Inna ta ciro tsohon zanen nan daga ƙasan akwati. Ta ajiye shi a kan turmi, ba ta ɗaura ba tukuna.

Ina tsoro, Hajja. Ina tsoron a ce yarinya ce, kuma ita kaɗai. Wadda ta ji tare da ni ba ta magana. Ina tsoron a ce don ƙanwata na ƙirƙira. Za a tambaye ni me ya sa na yi shiru wata biyu da kwanaki, in na faɗi dalilin a yi mini dariya a gaban maza. Abin da ya fi komai shi ne Baba, da abin da zai biyo baya in Alhaji ya ji haushi. Ki yafe mini. Da na tambaye ki a ranar, da kin yi mini dariya kin bayyana mini, da na ruga na kira Malama Zara ta zama ta biyu.

Ya Allah Ka jiƙan Hajja Hamsatu, Ka gafarta mata, Ka yalwata mata kabarinta Ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Ka haɗa ta da ’yarta a Aljanna, babu zane a ƙafar kowa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Alhaji Mu'awiya, da ƙannensa, da jikoki, da matan kasuwar kifi, da Malama Zara, da iyayen yaran da ke zuwa ɗakin. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu zuwan. Alhaji, in wannan takarda ta iso hannunka, ka sani ban taɓa ganin laifinka ba. Amanar marayu ka riƙe. Ni ce na riƙe tawa ban sauke ba. Kuma Baba bai san komai ba, don Allah kada abin ya shafe shi.

Ban sani ba ko za a karɓi maganata. Wannan na Goni ne da magada. Nawa shi ne in faɗi abin da na ji, yadda na ji shi, ba ƙari ba ragi. Ba zan jira Asabar ba. Gobe Litinin, in Baba ya tafi wurin banda, zan ce wa Inna zan zagaya da Nabila. Gidan Goni Abatcha yana bayan masallacin unguwarku. Zan riƙe hannunta mu je, in yi sallama.